Kwalba Mai Jan Murfi

Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Ku masu turo mini saƙo kuna cewa, "Tiwaa, ki kwantar da hankalinki, namiji irin Darkwa ba a tsintarsa a bakin titi," ku zauna ku ji abin da ya faru tukuna. In kun gama ji, sai ku sake ba ni shawarar.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar firamare ce a nan Bantama, cikin Kumasi. Mahaifina ya rasu ina goye. Mahaifiyata, wadda nake ce wa Maa, ta tafi Italiya aikin kula da tsofaffin Turawa tun ban iya ɗaura zane ba, ta bar ni a hannun tata tsohuwar, Nana Dufie. Nana ce ta yi mini wanka, ita ta yi mini kitso, ita ta yi ta sayar da bandar kifi a kasuwa har na gama kwaleji. Sai Wofa Agyenim, ƙanen Maa, wato kawuna. Yana da babbar mota da yake ɗauko wa 'yan kasuwa kaya. A wajenmu kuwa kawu shi ne gida, in ya yi magana an gama.

Bara da damina Nana ta zame a bakin famfo, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. A asibiti wata likita mai furfura a gaban goshi ta sa aka ɗauki hoto, ta ce ƙashin Nana ya zama kamar soso, duk ramuka. Ta rubuta abu uku: ƙwayar kalsiyam bayan cin abinci, bitamin D, da wata ta mako-mako da ake sha da sassafe da ruwa cike da kofi, ba a kwanciya bayan an sha. Ta ce a riƙa ba ta ƙananan kifi da ƙayarsu, da miyar ganyen gwaza, da madara, ta kuma riƙa tattaki da hantsi.

"Kada a ƙara komai a kan wannan sai an tambaye ni," in ji ta.

Kowa ya ƙara. Maa ta aiko kwali guda daga Italiya, kwalabe da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidanmu. Wofa ya kawo saiwoyi jiƙe cikin giya. Matar fasto ta kawo garin zogale. Saman durowar Nana, inda a da ba komai sai Littafi Mai Tsarki da hoton marigayi kakana, ya koma kamar kemis. Ni na zama 'yar sanda. Na tattara komai na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado, na bar na likita kaɗai.

Nana kuwa ba ta ƙaunar na likitan ko kaɗan. Takan ɗaga ƙwayar kalsiyam ɗin ta kalle ta a haske.

"Wannan magani ne ko ƙwan zabo? Ta ɗaure mini ciki, bayana kuma yana nan yana cizona kamar jiya."

"Nana, ba ta kashe ciwo ba ce, ta gina ƙashi ce. A hankali take aiki."

"A hankali. Malama, dubi kaina. Mai irin wannan furfurar ake ce wa ta jira a hankali?"

Malama take ce mini duk lokacin da take son tsokanata.

To, Darkwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba wanda ya tura ni wajensa, ni na so shi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ga dariya kamar ba shi da damuwa a duniya. Ranar da hannun Nana ya karye shi ya goya ta a bayansa daga tsakar gida har bakin mota, tana zaginsa wai yana jijjiga ta, yana ce mata, "Nana, ai amarya ba ta taka ƙasa." Da yamma yakan zo da soyayyiyar ayaba mai yaji da gyaɗa, mu zauna a baranda, Nana tana leƙo mu ta taga tana tari na ƙarya. Yana da shago a kasuwar Adum na kayan ƙarin lafiya, su man kifi, su shayin rage tumbi. Kasuwa tana yi da shi. Wofa yana ce masa "surukina" tun kafin a kai ko'ina.

Wata Lahadi bayan coci ya zo da kwali, ya fito da wata farar kwalba mai jan murfi, an zana tsoho yana tsalle a jikinta.

"Sabon shigowa ne, na ƙashi. Ganye ne zalla."

Na ce, "Likita ta ce kada a ƙara komai."

"Ganye ne fa, Tiwaa. Miyar da kike ba ta ma ai ganye ce. Ita ma sai likita ta sa hannu?"

Wofa yana zaune yana cin sakwara, ya yi dariya har ya ƙware. "Bar Malama, in ba a rubuce a allo ba, ba ta yarda."

Na ce a'a, na kuma nanata. Amma da safe ina makaranta, gida kuma ba kulle yake ba.

Ba a jima ba Nana ta miƙe. Matar da sai ta dafa bango take tashi, sai ga ta tana share tsakar gida. Cin abinci kamar mai noma. Ranar bikin girbi a coci ta saka farin leshinta da ɗankwali mai ruwan zinare, ta shiga fili ta yi rawa har mata suna yi mata fifita da mayafi. A nan na gane tana shan mai jan murfin. Na yi faɗa, ta ce, "Ki je ki kai ƙara." Na ga tana dariya, na ga tana tafiya, sai na ƙyale ta. Darkwa ya ɗauki rawar a waya ya ɗora, da rubutu a ƙasa: "Kakata ce. Da ba ta iya tashi."

Kakarsa. Ko ƙofar gidanmu danginsa ba su ƙwanƙwasa ba tukuna.

Watanni suka shuɗe. Fuskar Nana ta cika ta yi zagaye kamar faranti, wuyanta ya yi tozo ta baya, ƙafafunta kuma suka sirance. Ko ƙofa ta goge ta sai wurin ya yi baƙi. Mutane suna cewa, "Nana ta yi ƙiba, jin daɗi ya zo." Maa ta ga hoto ta turo saƙon murya: "Kin gani ko? Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ki daina jan aji, ki bari a sa rana." Aka sa ranar da danginsa za su zo neman aure, ƙarshen wata.

Sai wata safiya ina guga na ji ƙara daga ɗakin Nana, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba. Na tarar da ita durƙushe a gefen gado, hannu ɗaya a kan silifa. Ba ta faɗi ba. Sunkuyawa kawai ta yi za ta ɗauki takalmi, ƙashin bayanta ya murƙushe.

Likitarmu ba ta nan ranar. Wani matashi ya duba ta, ya ga hoton, ya tambaye ta abin da take sha.

"Naku kaɗai," in ji Nana, ko ido ba ta ƙifta ba.

Na buɗe baki, ta matse mini hannu har farcenta ya shiga fatata. Aka ɗaura mata wata riga mai tauri a baya, aka ba da maganin ciwo, aka ce ta kwanta a gida.

Da muka dawo na buɗe akwatinta zan ɗauko mata zane mai laushi. A ƙarƙashin baƙaƙen zannuwanta na zuwa jana'iza na ji wani abu yana ƙara. Kwanon silba ne mai murfi, cike da maganin likita. Kalsiyam, bitamin, ta mako-makon, duk suna nan. Kullum na miƙa mata na fita makaranta, sai ta ɓoye.

"Nana, mene ne wannan?"

Ta juya fuska bango. "Yaron ya ce nasa ya haɗa komai. Ya ce in aka gauraya da na asibiti ba ya aiki."

Ban san lokacin da na fara ba. Na kwaso masu jan murfin daga ƙarƙashin matashinta, da cikin jakar coci, da bayan rediyo. Na juye ƙwayoyin a masai na kora da ruwa, na zuba wa kwalaben kananzir a bayan gida na cinna wuta. Nana tana kira, "Tiwaa, bar mini ko ɗaya," ina jin ta, ban waiwaya ba. Na tura masa saƙo: "Kada ka sake kawo komai gidan nan." Ya amsa da hoton zuciya da, "Kin gaji ne, masoyiya. Za mu yi magana."

Kwanaki kaɗan bayan haka Nana ta daina cin abinci. Sai amai. Sai ta kasa ɗaga kai daga matashi. Wata rana da azahar na dawo na same ta jikinta sanyi ƙalau, tana kirana da sunan Maa. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya kai mu, ina riƙe da kanta a cinyata, ina kiran sunanta duk hanya don kada ta rufe ido.

Wannan karon likitar tana nan. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Nana, ta ɗaga hannunta ta ga tabon, ta juyo gare ni.

"Me take sha wanda ba ni na rubuta ba?"

Na faɗa mata komai.

"Yaushe ta daina?"

"Ni na zubar. Duka, rana ɗaya."

Ta kira ma'aikaciyar jinya, aka yi allura, aka ɗaura ruwa. Sai da numfashin Nana ya daidaita sannan ta ja ni gefe, bakin taga.

"Ba zan rantse ba sai an gwada. Amma fuskar nan, da fatar nan, da yadda ta faɗi da aka daina, duk sun yi kama da wani magani mai ƙarfi da muke bayarwa da awo, na kashe kumburi. Wasu suna zuba shi a ɓoye cikin abin da suke kira ganye, don mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo ya ƙara saye. Yana kashe ciwo, gaskiya ne. Amma in aka daɗe ana sha, cin ƙashi yake yi. Kuma jiki yana sabawa da shi, in aka yanke rana ɗaya mutum yana iya mutuwa."

Ta ce, "Ba ki sani ba. Yanzu kin sani. Zan riƙa ba ta da awo ina ragewa har jikinta ya saki. Ke kuma ki kawo mini kwalba ɗaya da ƙwayoyinta, a kai a gwada. Ba kakarki kaɗai ke sha ba."

Daga asibiti shagon Darkwa na wuce, da rigar makaranta a jikina, da tabon aman Nana a siket. Ina shiga idona ya tafi kan kantar da masu jan murfin suke cika. Babu ko ɗaya. An jera shayin rage tumbi a wurin.

Ya fito daga ciki da farar riga mai gajeren hannu, turarensa ya riga shi isowa. Ya buɗe hannu zai rungume ni, na ja baya.

"Kwalba ɗaya nake so."

"Ya ƙare."

"Shekaranjiya ka ɗora hotonsa kwali-kwali."

"An saye. Tiwaa, rage murya, akwai mutane."

"Nana tana asibiti, da na zubar da shi ta kusa mutuwa. Likita ce take so, za a gwada."

Sai na ga wushiryar ta ɓace. Ya ja ni ciki ya rufe ƙofa.

"Ki saurare ni. Ni ban haɗa shi ba, kawo mini ake yi. In kika kai wa likita, hukuma za ta zo ta rufe shagon nan, su sa ni a rediyo. Da me zan aure ki? Ki bari a wuce ƙarshen wata. Kuɗin asibitin Nana duk ni zan ɗauka."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba."

"To me ya sa ka kwashe?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli wayarsa. "Ke fa kika zubar mata da magani. Tana sha tana rawa. Kin hana, ta kusa mutuwa. Wa ya kamata ya ji kunya a nan?"

Na kalle shi. Mutumin da ya goya kakata a bayansa. Na so in mare shi, hannuna har ya tashi, na tuna ni malama ce kuma akwai iyayen ɗalibaina a layin. Na buɗe ƙofa na fita. Na bi shaguna, na bi masu talla a tasha, na tura ƙawata ta tambaya kamar mai saye. Ko'ina amsa ɗaya: an janye, babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, maganar da ya faɗa mini a shago ita na tarar a gida. Wofa yana zaune a kujerar kakana, zanensa yafe a kafaɗa, yana kaɗa makullin mota.

"Na ji abin da kika je kika yi a shagon mutane. Ke kika kusa kashe mini uwa, yanzu kina neman wanda za ki shafa wa."

"Wofa, likita ta ce..."

"Likita. Maganin likita ta sha wata da watanni tana rarrafe. Na yaron nan ya tayar da ita. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba."

"Shi ya cinye mata ƙashi."

"Tsufa ne ya cinye mata ƙashi. Rufe mini baki. Ranar Asabar dangin yaron za su zo, za ki yi kwalliya ki fito ki yi murmushi. Maganar kwalba kuma kada in sake ji."

Maa ma ba ta bar ni ba. Saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙarar jirgin ƙasa a bayan muryarta. "Ina nan ina wanke kashin tsofaffin wasu don ki zama mutum, ke kuma kina can kina kore mijin aure." Na rubuta mata, "Maa, taki tsohuwar ni nake wankewa." Na daɗe ina kallon rubutun, sannan na tura. Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Aka sallamo Nana kafin Asabar ɗin. Tana kwance a ɗakinta cikin rigar baya mai tauri, ta rame ko'ina ban da fuska. Ina ba ta kunu da cokali, na sa mata ƙwayar kalsiyam a tafin hannu, na tsaya a kanta har ta haɗiye, na ce ta buɗe baki in gani.

"Har da binciken baki, Malama?"

"Har da shi."

Ta rufe baki, ta ce, "Kina jin haushina."

"Ina ji, Nana. Kin yi mini ƙarya kullum da safe."

"Na yi. Kin taɓa kwana da ciwon baya? Kin san yadda mutum yake lissafi kafin ya juya a kan gado? Abin nan ya ba ni rawa a coci. Na san akwai wani abu, ganye ba ya aiki haka, ai na girme ki a sanin ganye. Amma na ce ko me ke ciki, bari in taka ƙasa da ƙafata tukuna."

Haushin yana nan, amma ya rasa inda zai sauka.

Na ce, "Ki ce wa Wofa a ɗaga ranar."

"Ba zai ji ba. Bar su su zo. Ai ba shi za a tambaya ba, ke za a tambaya."

Ranar Asabar aka share tsakar gida, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Mata suna ta daka sakwara a baya, miyar akuya tana tafasa. Na saka riga da siket na atamfa mai ruwan goro da telana ya ɗinka tun kafin duk wannan, na sa ɗankunnen da Maa ta aiko, ban shafa komai a fuska ba. Ina zaune a ɗaki ina jin mai magana da yawun danginsa yana zuba zance, wai sun ga wani fure a gidan nan sun zo neman izinin tsinka, ana dariya. Wayata ta yi ƙara. Darkwa ne: "Don Allah. Yau kaɗai. Gobe zan yi duk abin da kika ce."

Aka aiko in fito. Na gaisa da mutane hannu da hannu daga dama, kamar yadda ake yi. Kwalaben giyar al'ada suna kan tebur a gaban Wofa. Darkwa yana sanye da kente, saƙaƙƙen zanen biki, mai shuɗi da rawaya, ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Na wuce shi na isa kan mace ta ƙarshe a layi, wadda aka ce ita ce mahaifiyarsa, ta taso daga ƙauyensu a bayan Mampong. Ban taɓa ganinta ba sai a wani tsohon hoto, siririya mai dogon wuya.

Matar da ta miƙo mini hannu fuskarta zagaye take kamar faranti. Wuyanta ya yi tozo. A damtsenta, inda zane bai rufe ba, baƙin tabo ne har uku.

Ta riƙe hannuna da nata biyu. "'Yata, kin fi yadda ya faɗa kyau. Na ji kakarki ba lafiya, sannu." Ta saki hannuna, ta buɗe jakarta tana lalube. "Ya ce mini nata ya ƙare. Ni ya aiko mini da yawa, ga wannan, a ba ta. Tun da na fara sha ban ƙara sanin ciwon gwiwa ba."

Ta ɗora mini kwalbar a tafin hannu. Fara, mai jan murfi, ko buɗe ta ba a yi ba.

Na juya na kalli Darkwa. Ya riga ya miƙe rabi daga kujera, bakinsa a buɗe. A nan na gane komai. Ya ji abin da ya sami Nana da aka yanke, ya ji tsoron karɓe wa uwarsa. Ya kuma ji tsoron kai ta asibiti, don za a tambaye shi. Sai ya bar ta tana sha, ya sa kente ya zo neman aure.

Wofa ya yi gyaran murya. "Tiwaa, mutanen nan sun kawo abin sha saboda ke. Mu karɓa?"

Idona yana kan kwalbar.

Ya sake tambaya, yana murmushi wa baƙi. "Kunya ce. Mu karɓa?"

Kwalbar tana hannuna, na matse ta har gumi ya jiƙa takardar jikinta. Ya tambaya karo na uku, wannan karon ba murmushi.

Na ce, "Kada a karɓa, Wofa."

Tsakar gidan ta yi tsit, har na ji an daina daka a baya. Wata gwaggonsa ta tafa hannu ta ce wannan wace irin tarbiyya ce. Wofa ya kira sunana da muryar da tun ina yarinya take sa ni fitsari a wando. Ban kalle shi ba. Na durƙusa a gaban mahaifiyar Darkwa.

"Maame, ba ke na ƙi ba. Ki ɗauko jakarki, akwai likitar da nake so ta gan ki yau. Abin da ya kwantar da kakata yana jikinki."

Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta kira shi da sunan gida. "Kwaku, me yarinyar nan take cewa?"

Ya kau da ido. Ta sake tambaya, a hankali. Ya sunkuyar da kai, kenten ya zame daga kafaɗarsa bai gyara ba. Ita kuwa ta dafa kafaɗata ta miƙe.

Mun kai bakin ƙofa sai ga Darkwa ya sha gabanmu, makulli a hannu. Na ce, "Matsa."

"Ba za ki sa ta a tasi ba, hanyar duk ramuka ce. Ku shiga mota."

Na zauna a baya tare da ita, kwalbar a cikin rigata. Tsohuwar tana ta shafa tabon hannunta da yatsa, kamar yau ta fara ganinsa. Ina kallon ƙeyarsa, ina jira in ga ko zai karkata zuwa tasha ya tura ta ƙauye. Bai karkata ba. Ya tsaya a ƙofar asibiti, ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari.

Na buɗe wa uwarsa ƙofa, na taimaka mata ta sauko. Sai ya sauke gilashi ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa don kada ta ji.

"Kafin ki miƙa musu, ki san abu ɗaya. Za su tambaye ni wa yake kawo mini, kuma zan faɗa."

"Ka faɗa mana. Ni ina ruwana?"

"Wofanki ne. A motarsa yake shigowa, shi ya haɗa ni da masu yi. Rabin cinikin nasa ne."

Na tsaya a rana, ina jin zafin kwalta ta cikin takalmina. Mutumin da ya zauna a kujerar kakana ya ce ni na kusa kashe masa uwa. Wayata ta girgiza a hannu. Na duba, Wofa ne.

"Duk inda kike, kawo mini kwalbar nan gida kafin ki shiga ko'ina. In kika ƙi, ki nemi wani gidan."

Na karanta har ƙarshe. Tsohuwar ta taɓa gwiwar hannuna ta ce, "'Yata, ta ina ake shiga?"

Na jefa wayar cikin jaka, na riƙe hannunta, muka shiga.